Danjar Sakan Takwas

Wani ne fa, a ofishin da ke kula da fitilun kan titi yake aiki. Injiniya ake ce masa. Ko matarsa in tana son wani abu a wurinsa haka take kiransa. Mutumin nan tun da ya sayi mota ƙafarsa ba ta ƙara taka kwalta ba. Daga falo sai mota, daga mota sai ofis. Ko jarida zai saya, sai ya ɗan sauke gilashi ya zuro yatsu biyu. To wannan aka ɗauko aka ce shi zai tsara wa masu tafiya a ƙasa yadda za su tsallaka titi.

Wata babbar mararraba ce a bakin layin gidansa. Layin mota huɗu na tafiya, huɗu na dawowa, a tsakiya ga wani siririn dandamali na siminti da bai fi faɗin tabarma ba. Shekara da shekaru babu danja a wurin. Mai son tsallakawa sai ya yi salati, ya tattare riga, ya zuba da gudu. Da aka gaji da kwasar mutane zuwa asibiti, sai Oga ya kira Injiniya ya ce a kafa danja, har da ta masu ƙafa, mai ɗan jan mutum da ɗan koren mutum.

"Sakan nawa za a ba su su tsallaka?" in ji Oga.

"Ranka ya daɗe, ba a yin wannan da ka. Sai an je an auna."

Ku ji magana kamar ta mai hankali.

Ya je ya auna kuwa. Ya faka a gefen titi, ya ƙure sanyin mota, ya fito da agogon awo da littafi. Kwana uku yana wannan aiki, ko sau ɗaya bai buɗe ƙofa ba. Duk wanda ya zuba da gudu sai ya danna agogo. Wani saurayi da tirela ta biyo, sakan bakwai. Wata mata da ta watsar da kwandonta ta tsira da ranta, sakan goma sha ɗaya. Wani da ya fizge wayar mutane ana bin sa da ihu, sakan biyar. Injiniya ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan ya rubuta "abin koyi". Tsofaffin da suka yi awa guda a bakin titi suka haƙura suka koma gida, bai rubuta su ba. Ya ce ai ba su tsallaka ba, me zai auna?

Ya haɗa, ya raba, ya sami sakan tara. Ya cire ɗaya, wai don kar mutane su sangarce.

Ranar kafa fitila, wani dattijo mai haɗa wayoyi ya zo da maɓallan da ake dannawa. Tsarin shi ne, ɗan koren mutum ba ya fitowa sai wani ya danna maɓalli, ya kuma jira minti huɗu. Dattijo ya sa ɗaya a wannan bakin titi, ya sa ɗaya a wancan, ya riƙe na uku a hannu.

"Yallaɓai, wannan na tsakiya ne."

"Na wa?"

"Na wanda ya maƙale a kan dandamali."

"Ba wanda zai maƙale. Ga lissafi."

"Yallaɓai, layi takwas ne fa, sakan takwas."

"Ka ga ai ya yi daidai, kowane layi da sakan ɗinsa. Mayar da shi cikin kwali."

Dattijo ya dube shi, ya dubi takalminsa mai ƙyalli, ya mayar da maɓalli cikin kwali. Injiniya bai tsaya nan ba. Ya ce don kar a ɓata lokaci, motoci masu shan kwana su ma a ba su hannu a daidai lokacin da aka ba masu ƙafa. Ya kuma sa aka kafa allon hana juyawa a mararrabar baki ɗaya. Motoci suka riƙa wucewa fiu-fiu, ba tsayawa. Oga da sauran manya, waɗanda su ma ba sa taka ƙasa, suka ce ba su taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Aka ba shi takardar yabo a cikin gilashi, ya rataye a ofis, a saitin da duk wanda ya shigo sai ya gani.

Ana nan sai mahaifiyarsa, Inna, ta zo zama gidansa saboda ciwon gwiwa. Likita ya ce sau uku a mako za a riƙa yi mata gashi. Asibitin kuwa ga shi can a tsallaken titi, daga tagar falo ana hango allonsa. Injiniya ya ce wa matarsa ta riƙa raka ta.

"Minti biyar kun isa. Akwai danja yanzu," ya faɗa yana gyara wuyan riga.

Sun fita da hantsi. Ba su dawo ba sai bayan la'asar. Inna ta shigo ɗankwali a karkace, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, sandarta ta lanƙwashe. Da aka kawo abinci, Injiniya ya kai loma ta farko, sai ta dube shi.

"Kai."

"Na'am, Inna."

"Ka san wanda ya yi fitilar can?"

Matarsa ta buɗe baki. Ya taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Ma'aikata ne da yawa, Inna. Ba a sanin kowa."

"To ko wane ne, Allah ya isa tsakanina da shi. Allah ya ɗora masa ciwon gwiwa irin nawa, ya ƙara masa da na baya. Allah ya nuna masa abin da yake so a tsallake, ya hana shi hanyar isa."

"Amin, Inna!" in ji matarsa, har da shafa fuska.

Injiniya ya sunkuyar da kai cikin kwano.

"Kai ban ji ka ce amin ba."

"Baki ne a cike, Inna."

"Haɗiye. Ina jira."

Ya haɗiye. Ya ce amin da wata murya da ko shi bai gane ta ba.

Kun dai san bakin uwa ba abin wasa ba ne. Injiniya duk da karatunsa ya san wannan, kuma tsoro ya shige shi sosai. Tun yana yaro bai taɓa yin abu babba ba sai da Inna ta sa masa albarka. Yanzu ga shi kullum bayan cin abinci ana tsine masa a teburinsa, da bakinsa yake cewa amin. Abin da yake nema ɗaya ne, Inna ta janye wannan baki. Amma yana so ta janye ba tare da ta san kan wa ya sauka ba.

Da suka shiga ɗaki ya hau matarsa da faɗa.

"Ke kuma har da shafa fuska?"

"To me zan yi? Uwarka ta yi addu'a in ƙi amsawa?"

"Ai kin san wa ake nufi!"

"Na sani mana. Ni ma awa biyu na yi a tsakiyar titi, bas na goga min zane. Injiniya, da ka ji wadda na yi a zuci, da ka gode wa Inna."

Mako bai zagayo ba, yana hawa benen ofis ya ji gwiwarsa ta dama ta yi ƙas. Ya dafa bango ya yi salati. Washegari bayansa ya riƙe. Ya fara duba madubi yana ganin kamar fuskarsa ta zabge. Ko atishawa ya yi sai ya ce shi ke nan, ta fara aiki.

Akwai wani tsoho maƙwabcinsa, mai karatu, da mutane ke zuwa neman shawara wurinsa. Injiniya ya lallaɓa ya same shi a ƙofar gida.

"Baba, tambaya ce. Wani abokina ne."

"Ina ji."

"Mahaifiyarsa ce take yi wa wani mutum baki kullum. Ba ta san sunan mutumin ba. Ashe mutumin shi ne abokin nawa. To tun da ba ta ambaci suna ba, ai ba ya kamawa ko?"

Tsoho ya cire tabarau ya goge.

"Ka gaya wa abokin naka, uwar ce ba ta san sunan ba. Wanda take kai wa ƙarar ya san har lambar gidansa."

"To mene ne mafita?"

"Ya gyara ɓarnar, ya durƙusa ya roƙi gafara."

"Babu wata hanya, Baba? Wadda ba sai an faɗa ba?"

"Akwai. Ya canza uwa."

Injiniya ya miƙe zai tafi, tsoho ya ƙara da cewa, "In ka ga abokin naka, ka ce ni ma ina gaishe shi. Wata biyu ke nan rabona da gidan 'yata, tana tsallake."

Sai ya ce bari ya gyara abin a ɓoye. Ya shiga wurin Oga yana sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, maganar danjar nan ce. Ina so a ɗan ƙara wa masu ƙafa sakan ashirin."

"Me ya sami takwas ɗin?"

"Lafiyarta ƙalau. Ƙari ne kawai."

"Babu ƙari sai an cike takardar gyaran kuskure." Oga ya jawo durowa ya miƙa masa. "Ka cike layi na uku da kyau."

Injiniya ya duba layi na uku. An rubuta: sunan jami'in da ya yi kuskuren. Ya ɗaga kai ya hango takardar yabonsa ta ƙofar da aka bari a buɗe, gilashinta sai ƙyalli yake.

"Ranka ya daɗe, ba za a iya rubuta cewa mutanen ne suka rage sauri ba?"

"Mutanen gari duka?"

"Lalaci ya yi yawa yanzu, ranka ya daɗe."

"To in lalaci ne, me zai sa mu ƙara musu? Mu saka wa rago da kyauta?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya mayar da takarda, ya fito. Mutumin da ya shiga neman ƙarin sakan ashirin ya fito yana godiya da ba a rage biyu ba.

Dabara ta gaba, ya ce shi zai riƙa kai Inna da mota. Ya sa ta a gidan gaba, ya ɗaura mata bel, ya kunna sanyi. Suka fito bakin titi, ga asibiti can kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Sai ya miƙe kai tsaye ya wuce.

"Kai, ina za ka? Ga asibitin can mun bari."

"An hana juyawa a nan, Inna. Sai gaba."

Gaba ɗin nan sai da suka wuce kasuwa, suka wuce tashar mota, suka wuce wata gada, suka faɗa cikin cunkoso. Duk motocin da Injiniya ya saki fiu-fiu a mararrabarsa, ashe can suke zuwa su taru su cushe. Minti hamsin suka yi. Suna isa ma'aikaciyar jinya tana rufe littafi.

"An gama na yau, Mama. Sai jibi."

Suka kamo hanyar dawowa har suka kusa gida. Sai Inna ta nuna allon hana juyawa da sandarta.

"Wa ya hana juyawa a nan?"

"Hukuma ce, Inna."

"Hukuma ba ta da hannu. Mutum ne ya zauna ya rubuta. Kuma wanda ya yi fitilar nan ne."

"Anya kuwa, Inna? Ofishin fa babba ne."

"Komai girmansa ba za a tara wawa irin wannan har biyu a wuri ɗaya ba. Allah ya ƙara isa."

Ya ce amin yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, gumi na bin bayan kunnensa duk da sanyin mota.

Mai hankali da nan ya tsaya. Shi kuwa sai ya zauna ya yi tunani irin nasu na ofis. Ya ce tun da ba za a gyara fitila ba, sai a gyara Inna. Ranar Asabar ya sami alli ya zana layi takwas a tsakar gida, ya fito da agogon awo, ya ce wai likita ne ya ce ta riƙa motsa jiki.

"In na ce ɗaya, biyu, uku, sai ki taho, Inna."

Inna ta dogara sanda ta taho a hankali. Ta tsaya a layi na huɗu ta gyara mayafi. Ta tsaya a na shida ta kori kaza. Da ta iso ya duba agogo.

"Sakan arba'in da ɗaya. Inna, sai an ɗan ƙoƙarta. Ki riƙa ɗaga ƙafa, ki daina kallon gefe. Akwai wanda na taɓa gani ya yi a biyar."

"Me ya biyo shi?"

Injiniya ya sake saita agogo.

"Mu sake, Inna. In muka rage sakan uku kullum, cikin kwana goma sha ɗaya mun kai."

Inna ta jingina da bango ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Kai da ka shekara biyu kana jan gindi, sai da na riƙa ɗaura maka zane a ƙirji ina ɗaga ka, yau kai ne za ka koya min tafiya? Ajiye agogon ka yi mu gani."

"Ai ni takalmin ofis ne a ƙafata."

Matarsa tana bakin kicin tana yanka albasa, hawaye na zuba, ba a san na albasa ne ko na dariya ba.

"Inna, ai da shi ya raka ki jibi. Da ƙafa. Tun da ya ce ana iya yi, ya nuna miki yadda ake yi."

"Kin yi magana, 'yar albarka. Kai, ka ji. Jibi da ƙafa."

Ya harari matarsa. Ta ci gaba da yanka albasarta.

Jibi ta yi. Injiniya ya sa takalmin motsa jiki da ya saya shekara uku da suka wuce bai taɓa cire takardar cikinsa ba. Suka fito bakin titi. Abu na farko da ya ba shi mamaki shi ne ƙara. Bai san haka titi yake da ƙara ba. Na biyu kuma faɗi. A takarda titin nan bai kai tsawon yatsansa ba.

Ya danna maɓalli da yatsa ɗaya, irin na wanda ya san kan abu.

"Yanzu sai a jira, Inna. Tsari ke nan."

Suka jira. Rana ta buɗe. Hayaƙin bas ya shige masa hanci ya yi ta tari. Ya sake dannawa. Ya danna sau biyar a jere.

"Ba ya jin magiya," in ji Inna. "Na gwada."

Can sai ga ɗan koren mutum. Injiniya ya cafke hannun Inna.

"Taho!"

Taku uku suka yi, wata tasi mai shan kwana ta yanko ta gabansu, direba ya leƙo.

"Makafi ne ku?"

"Mu ke da hannu!" Injiniya ya daka masa tsawa.

"Ni ma ni ke da hannu! Ɗaga kai ka gani!"

Ya ɗaga kai ya gani. Direba ya fi shi gaskiya, kuma ya san wanda ya ba shi gaskiyar. Kafin ya sauke kai ɗan koren mutum ya ɓace. Suna layi na biyu. Motoci suka taso gaba ɗaya da ham. Injiniya ya ɗaga hannu ɗaya sama yana "Don Allah! Don Annabi! Tsohuwa ce!" ɗaya hannun yana jan Inna. Babur ya goge masa gwiwar hannu. Takalmin dama ya zame ya tsaya a layi na uku. Da ƙyar suka haye dandamali, ya juya ya ga tifa ta bi ta kan takalmin ta mayar da shi faifai.

"Sannunku da zuwa," wani ya ce.

Ashe ba su kaɗai ba ne. Mutane ne jere a kan siririn simintin nan, kafaɗa da kafaɗa, kowa ya tsuke ciki don kar madubin mota ya tafi da shi. Ga wani malamin makaranta rungume da littattafai. Ga wani mai ɗauke da katifa a ka, iskar kowace tirela sai ta juya shi. Ga wata ƙatuwar mata 'yar kasuwa da kwanon tumatir. A can ƙarshe har wani wanzami ya kafa ɗan benci yana yi wa mutum aski.

"Kai kuma me kake yi a nan?" Injiniya ya tambaye shi yana haki.

"Sana'a. Duk garin nan ba inda mutane ke zama su natsu kamar nan. Ba mai ce maka yana sauri."

"To yanzu ya ake yi?"

"Sai wani ya zo bakin titi ya danna."

"Babu maɓalli a nan?"

Duka dandamali ya kwashe da dariya. Har wanda ake yi wa aski ya kusa yankewa.

"Baƙo ne," in ji 'yar kasuwa. "Ɗan'uwa, jakin da ya yi wannan aiki a ganinsa ba mai tsayawa a nan. Mu da kake gani duk ba ma nan."

Suka zuba ido bakin titi. Mutanen unguwa sun riga sun san hali, ba mai zuwa kusa da maɓallin. Wani mutum ya zo wucewa, suka haɗa baki suna ihu suna nuna masa ƙarfen.

"Danna! Bawan Allah, danna!"

Ƙarar motoci ta hana shi ji. Ya tsaya ya dube su, ya ɗaga musu hannu shi ma yana murmushi, ya wuce.

Sai da aka yi minti ashirin wata mata ta danna. Aka ƙara jiran minti huɗu. Kowa ya gyara tsayuwa, mai katifa ya tofa yawu a tafin hannu. Ɗan kore ya fito. Motoci masu shan kwana suka cinye sakan biyar. A ukun da suka rage malamin makaranta ne kaɗai ya tsira, shi ma ya bar rabin littattafansa a kwalta. Injiniya ya yunƙura zai ja Inna, gwiwarsa ta dama ta ce ƙas, ta ƙi miƙewa. Bayansa ya amsa. Ya tsaya a rankwafe, ƙafa ɗaya da safa a kan siminti mai zafi. Ya ɗaga ido, ga ƙofar asibiti can a buɗe, layi huɗu kacal tsakaninsu. Duk abin da Inna ta roƙa ga shi an kawo masa a rana ɗaya, ba a rage komai ba.

Zagaye na biyu ya zo ya wuce, ba wanda ya motsa. Tumatir ya fara laushi. 'Yar kasuwa ta sauke kwano a tsakanin ƙafafunta, ta ɗaga hannu biyu sama.

"Jama'a, ku taya ni! Wanda ya yi fitilar nan, Allah ya hana shi kwanciyar hankali!"

"Amin!" in ji dandamali. Muryar Inna ta fi ta kowa.

"Allah ya sa motarsa ta mutu a tsakiyar layi na biyar!"

"Amin!"

"Allah ya tsine masa, shi da uwar da ta haife shi ta kasa koya masa hankali!"

"Amin!" in ji mai katifa da wanzami da wanda ake yi wa aski.

Inna ba ta amsa wannan ba. Ta tsuke baki ta kau da kai tana kallon motoci.

Injiniya ya lura. Ya ce a ransa zuciyarta ce ta fara sanyi, in bai yi magana yanzu ba, ba zai ƙara samun dama ba. Ga tsoro, ga kunya, ga zafin an zagi uwarsa a gabansa ta dalilinsa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya lallaɓa ya durƙusa a kan gwiwar da ta rage, bas na kaɗa masa bayan riga, ya kama bakin zanenta, ya yi ƙasa da murya yadda 'yar kasuwa ba za ta ji ba.

"Inna, ki yi min rai. Akwai abin da na ɓoye miki. Mutumin nan da kike yi wa baki, wanda ya yi fitilar, da allon, da komai. Inna, ni ne. Wallahi da kin san ni ne, na san ba za ki yi ba."

Inna ta dube shi ta saman sandarta.

"Da na san kai ne? Wata guda ina tsine masa safe da yamma, ka taɓa jin na sa uwarsa a ciki?"